Mushe ya sayi mushe

Wanda ya fara faɗar maganar abokin aikina ne, malamin lissafi. Ranar da aka kawo motar ƙofar gidana a Wadata ya biyo da babur ɗinsa, ya zagaye ta sau ɗaya, ya leƙa ta gilashin baya, sai ya ja da baya yana toshe hanci. Ya ce, "To, yau kam Mushe ya sayi mushe." Mu nan Tawa duk malamin lakkol Mushe ake ce masa, ita kuwa motar, warin da take yi bai bar mini bakin musu ba. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai makaranta, har yara suna yi mini ita a bayan ido.

Peugeot 504 ce, Fijo dai, doguwar nan mai kujeru jere uku da ake kira famiyal. A takarda fara ce, a ido kuwa ta ɗauki launin ƙasar Adar. Mu bakwai ne a gida, tsohuwata kuma tana ƙauye wajen Kaita, ga biki ga rasuwa ga Sallah. Shekara da shekaru babur nake hawa ni kaɗai, iyali su bi motar haya, mu haɗu can kamar ba gida ɗaya muka fito ba. Da kwasar adashi ta zo kaina, na haɗa da kuɗin raguna biyu, abin ya tashi jikka ɗari tara da ɗoriya. Wannan kuɗin ba ya ko taɓa motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa, balle tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 suka bar zuwa ta Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina. Abin da ya rage wa irina shi ne motar da ta riga ta gama yi wa wani bauta.

Dillali ne ya kai ni gare ta. Ta wani Alhaji ce mai fataucin albasa. Ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Tawa da Ƙwanni, daga baya ta koma ɗaukar buhuna daga garka zuwa kasuwa, daga nan aka jingine ta gindin dogon yaro. Ban yarda na je ni kaɗai ba. Na ɗauki Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tuƙa irinta a wannan layin har idonsa ya fara gazawa.

Da la'asar muka isa. Yaron Alhaji ya murza makulli sau ɗaya, inji ya kama, ni har na fara murmushi. Kawu bai ko kalli injin ba, tun shigowarmu na ga ya ɗora tafin hannu a kan kapo kamar mai gaida doki. Ya yi godiya, ya ce za mu yi shawara. Sai da muka fito ya ce, "Ɗana, da ɗumi mun ka iske ta. Sun tashe ta kahin mu zo. Mota da asuba aka ganin halinta."

Washegari muna sallame sallar asuba muka koma ba tare da mun aika ba. A nan ta nuna kanta. Demare ya yi ta gurnani, sai a karo na biyar ta kama, tana tari, shuɗin hayaƙi ya fito bayanta na ɗan lokaci sannan ya washe. Kawu ya zaro ma'aunin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya sansana, ya ce an zuba mai kauri don a rufe bakin inji. Ya buɗe murfin radiyato ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya nemi tabarma, tsoho mai shekara kusan saba'in, ya kwanta ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa ƙarfen shasi da makullin gidansa, daga gaba har baya, yana saurare. Ni aikin da ya ba ni guda ne, in gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin kat-giris, wato takardar shaidar motar, harafi bayan harafi. Sun yi daidai. Da ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Ƙashinta lahiya lau. Nama ne ya lalace, shi kuwa nama ana sayen shi kasuwa."

Alhaji ya sa mata jikka ɗari tara da hamsin. Kawu ya taya ɗari biyar. Aka ce albarka, aka sha shayi, aka yi zancen farashin albasar Galmi, aka dawo. Kawu ya riƙa lissafa abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. Aka sallama a ɗari shida da saba'in da biyar, dillali ya karɓi la'adarsa goma sha biyar, muka rubuta takardar ciniki aka kai ta aka buga mata hatimi. Ni raina ya so in ƙara wa Alhaji wani abu don kunya, Kawu ya taka mini ƙafa. A hanya ya ce kuɗin tsohuwar mota kashi biyu ne, na mai ita da na makaniki, in na ba Alhaji duka, da me zan je garaji?

Wanki na fara da shi, don babu makanikin da zai so ya sa kansa cikin wannan warin. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Kwana huɗu muka yi ni da manyan ƴaƴana biyu.

Mun kwance kujerun duka mun fitar. Ƙarƙashin jere na uku ruwan ruɓaɓɓiyar albasa ya haɗu da ƙura da kashin awaki ya zama wani baƙin ɓawo mai kaurin yatsa, sai da muka sa guntun galma muka kankare shi. A cikin soson kujerar tsakiya ɓera ya yi gida har da ƴaƴa. Ɗinkin kujerun kuwa cike da kuɗin cizo. Abin da muka tsinta ya cika ƙaramar roba: ƙwallayen dabino, busasshen goro, dala-dala da suka yi kore, kaset ɗin wa'azi da rana ta lanƙwasa, takalmin jariri ƙafa ɗaya, da wata laya ɗinke da jar fata an ɗaure ta a ƙarfen bolan ta ciki. Layar na aika wa Alhaji abinsa. Takalmin ƙaramar ɗiyata ta ɗauke, har yau yana cikin kayan wasanta.

Tabarmar roba da ke ƙasa muka ɗaga, sai ga rana tana leƙowa ta wajen ƙafar direba. Rami ne da hannu zai shiga, an rufe shi da faifan gwangwanin tumatir an danne da kwalta. Wannan ya tafi wurin mai walda, ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe. Sauran muka wanke da Omo da buroshi, injin kuma da gazwal da tsohon buroshin fenti, bayan mun ɗaure delko da karbirato cikin leda. Ruwan famfo a unguwarmu sai tsakar dare yake zuwa lokacin, saboda haka bido goma sha huɗu na saya wurin mai ga-ruwa, uwargida tana ƙirgawa da ido. Kujerun muka shanya a rana kwana uku cur, zafin Tawa ya yi wa kuɗin cizon abin da magani bai yi ba, sannan mai ɗinkin kujeru ya sake musu soso da riga. Duk da haka in aka rufe gilashi minti goma albasar tana dawowa. Uwargida ce ta kawo ƙarshen abin. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta na ɗakinta, ta ajiye a tsakiyar motar kan bulo, ta zauna tana gadi har ya cinye. Dare uku tana yi. Yanzu motar ƙanshin ɗakin amarya take yi, da ɗan saura-sauran miya can ƙasa.

Garajin da na kai ta na wani dattijo ne da Kawu ya sani tun yana aparanti. Birki da taya ba su ja magana ba: an sake robobin birki da mansa, an sa tayoyi biyu na okaziyo a gaba, an yi bidanj, wato canjin man inji, an sa buji huɗu sababbi. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne kayan Fijo ba su da wuyar samu a ƙasar nan. Motar ta fito a Faransa tun 1968, amma an yi shekaru masu yawa ana harhaɗa ta a Kaduna bayan an buɗe masana'antar can a 1975, don haka abin da babu a kasuwar Tawa, in ka ba direban Ƙwanni saƙo da safe, gobe yana hannunka. Sai dai kowane ƙarfe iri uku ne, akwai orijin, akwai wanda aka cire daga wata motar, akwai sabo mai sheƙi da araha wanda ba ya kai wata uku. Na koyi bambancinsu da kuɗina.

Zafi ne ciwonta na farko. In na yi tafiyar minti ashirin allurar ta haye, radiyato ya fara kuka kamar buta a kan wuta. Mai gyaran radiyato ya narke dalmar ya cire kansa na sama, ya riƙa zura siririn ƙarfe cikin bututun ɗaya-ɗaya. Kusan rabinsu a toshe suke da jar laka da farin dutse irin na gindin tukunyar ruwan zafi, ga wani baƙin gari da ya ce taba ce, ana zuba ta don ta toshe yoyo. Ta toshe yoyon, ta toshe hanyar ruwan ma. Fankar 504 kuma ba kullum take kama iska da ƙarfi ba, akwai maganaɗisun lantarki da ke kama ta in ruwa ya yi zafi, ta hanyar wani ɗan gawayi da ke gogar ta. Gawayin nan ya cinye tun ban san yaushe ba. Maigaraji ya ce a ɗaure ta da kusoshinta ta riƙa juyawa tare da inji, haka kowa ke yi. A wannan na bi shi.

A kan kalorista ne muka saɓa. Shi ne ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi sannan ya buɗe masa hanya zuwa radiyato. Da aka buɗe mazauninsa babu komai ciki. Maigaraji ya ce abin ƙasar sanyi ne, nan duk cire shi ake yi. Kawu ma, abin mamaki, ya goyi bayansa. Ni kuwa na ga hayaƙin da take yi da sanyin safiya, na kuma san injin da ya daɗe bai yi ɗumi ba yana shan isansi yana cin kansa. Na aika aka sayo mini. Don in tabbatar ba mataccen aka ba ni ba, na ɗaura shi da zare na zura cikin tukunyar uwargida a kan murhu, yara sun kewaye ni. Ruwan bai kai ga tafasa ba sai ga bakinsa yana buɗewa a hankali kamar na kifi. Na kai garaji na ce a sa. Maigaraji ya ce, "Mushe, motarka ce," da irin muryar da ake cewa Allah ya kiyaye hanya.

Zafin ya ragu amma ruwa bai daina raguwa ba, kuma in inji na aiki ƙananan kumfa suna tasowa a bakin radiyato. Abin da Kawu ya daɗe yana kallo ke nan ranar ciniki. Jwan kulas, abin da ake shimfiɗawa tsakanin kulas (wato kan inji) da jikin inji, ya ƙone, dole a buɗe kan inji. Ranar ina zaune kan benci na ga abin da ya sa ake neman tsohon hannu. An ɗaga kulas ke nan, wani aparanti ya tashi zai juya inji don ya goge kan fistan, sai maigaraji ya daka masa tsawar da ta sa ni ma na miƙe. Ashe hannayen rigar da fistan ke gudu cikinsu a injin Fijo ba manne suke da jikin inji ba, zaune kawai suke cikin ruwa, kulas ne ke danne su. In ka juya inji babu kulas sai su ɗago, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai, aikin yini ya koma na sati. Ya sa aka danne su da kusoshi da manyan wasali kafin a taɓa komai. Kulas ɗin, da yake na alminiyom ne zafi ya ɗan karkata shi, aka kai aka goge fuskarsa. Jikka sittin da biyu wannan ya ci.

Na ɗauka an gama. Ranar wata Alhamis na ce bari in gwada ta a hanyar Badagishiri. Tana tafiya kamar ruwa, ina jin kaina wani Alhaji, sai wajen kilomita goma sha takwas ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu, ta mutu. Na murza, demare na juyawa, ba ta kama ba. Na zauna gindin wata aduwa ina kallon kaminyo suna wucewa. Bayan kamar rubu'in awa na sake gwadawa don kawai in ce na gwada, ta tashi kamar ba ita ba.

Nan aka shiga canke-canke. Maigaraji ya ce bobin ce ke zafi, aka sake ta. Ta mutu a hanyar Tabalak. Aka ce filatin da kondansato, aka sake su, aka daidaita tazarar. Ta mutu a gaban ƴan sanda a bakin gari, suka taya ni turawa suna dariya. Aka ce famfon isansi ne, aka sa wani. An wanke karbirato sau biyu. Duk lokacin da na kai ta garaji lafiyarta ƙalau, kamar yaron da ke daina kuka da an isa likita. Wani maƙwabcina ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko na tabbata ban yi kuskure ba da na mayar wa Alhaji layarsa. Ban ba shi amsa ba, amma ba zan ɓoye ba, daren nan na yi tunanin abin.

Abin da na iya a duniya shi ne riƙe rajista, sai na sa kaye a motar. Duk mutuwar da ta yi in rubuta wuri, da nisan da na yi, da isansin da na zuba da ranar da na zuba. Bayan mutuwa ta bakwai na zauna da kayen kamar mai gyaran jarrabawa. Ba ta taɓa mutuwa cikin gari ba, inda ramuka ke girgiza ta. Kullum a kan shimfiɗaɗɗen gudiro ne, ina tafiya bai ɗaya. Kuma ba ta taɓa yi ba a kwana biyun farko bayan na cika tanki. Na kai wa maigaraji wannan, ya saurara da ladabi irin na wanda ake koya wa sana'arsa.

Aparantin nan da aka daka wa tsawa, yaro ne da bai wuce sha biyar ba, yana tsugune yana wanke kusoshi. Ya ce, "Baba, a bari in busa tiyo." Maigaraji ya ɗaga masa hannu, wato yi abin da ka ga dama. Muka fita da yaron a motar, tanki saura kaɗan, muka yi ta tafiya har ta mutu. Ya yi wuf ya cire tiyon da ke kawo isansi wurin famfo, ya tsotsa, babu abin da ya zo. Ya cika kumatu ya busa. Da farko iskar ta ƙi shiga, idonsa ya yi ja, sai muka ji wani ɗan "fut" can baya, tanki ya fara ɓuɓɓuga. Ya mayar da tiyo ya ce in murza. Ta kama nan take.

Washegari aka sauke tanki. Aka juye shi a kan buhu: tsatsa ta kai cikin kofin shayi uku, da rairayi, da guntun tsumma, sannan wata baƙar leda mai faɗin tafin hannu ta zamo ta faɗo, ta yi laushi kamar ganyen da aka dafa. Daga baya yaron Alhaji ya gaya mini murfin tankin ya ɓace shekaru da suka wuce, da leda da tsumma ake toshe bakin a ɗaure da roba, sai da za a sayar aka sayo murfi. Ledar tana yawo cikin isansi. In tanki ya yi ƙasa kuma mota na tafiya ba girgiza, famfo ya jawo ta ta manne a bakin bututu. In inji ya mutu, jan ya saki a hankali, ta koma yawonta. Bobin, filatin, kondansato, famfo da ladan aiki sun ci mini jikka arba'in da ɗaya. Maganin abin kuwa, bayan an cire ledar, an zuba tsakuwa cikin tankin, yara biyu suka yi ta jijjiga shi, aka ɗauraye, aka shanya a rana nesa da mai walda, aka ƙara ɗan matacin isansi na jikka ɗaya da rabi a kan tiyo. Na ba yaron jikka biyu a ɓoye. Maigaraji ya gani, ya ce, "Ai ni na koya mishi." Ban musa ba, wataƙila ma gaskiya ne.

Takardu sun ci nasu kwanakin, sauya suna a kat-giris, asirans, binyat, kai da kawo tsakanin ofis da ofis da hoto da tambur. Da na haɗa lissafi duka, abin da na kashe bayan ciniki ya haura jikka ɗari uku, wato na cinye ragowar adashin na shiga albashi. Tana shan wajen lita goma sha biyu a kilomita ɗari in an cika ta da mutane, kuma ko da litar ta sauko sefa 499 a 2024, ba motar zuwa lakkol kullum ba ce. Babur na nan yana aikinsa. Na kuma daina zuba mata na kwalba a bakin hanya sai in dole, in dolen ta zo kuwa ta cikin ƙyalle ake tace shi.

Tafiyarmu ta farko ƙauye mu bakwai muka shiga, da Kawu na takwas a gaba yana gyara mini tuƙi, buhun shinkafa da katifa a sama. Inda gudiro ya ƙare aka shiga duwatsu na gane abin da ya sa direbobin da suka ƙi rabuwa da ita: bayanta a ɗage yake, tana taka rami tana wucewa kamar raƙumi. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, na nuna wa Kawu, ya ce iska ce ke da sanyi yau. Tsohuwata ta fito ta dafa ƙofar ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta tambaya ko ta haya ce.

Har yanzu allurar isansi ba ta aiki, da sandar gero nake aunawa, na yi mata zane uku da wuƙa. Ƙofar baya ta hagu daga waje kawai take buɗewa. Gilashin direba in ya sauka sai an taimaka masa da hannu.

Makon jiya da dare aka yi sallama, na fito na tarar da malamin lissafi yana tsaye yana shafa kapo. Ƙanwarsa za a kai Illela ranar Lahadi, ga kayan ɗaki ga mata. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, "Mushe, mushen nan naka, yana da aiki ranar Lahadi?" Na ce ya zo da lita ashirin daga gidan mai, ba na kwalba ba, kuma ya zaunar da yaro mai wayo kusa da ƙofar hagu. Na shiga ciki na ɗauko masa sandar geron.